Kafin ka kawo mini dutse a leda: yadda ake neman ma'adini a ƙasar Damagaram

Tun da maganar litiyom, ma'adinin nan da ake yin batir da shi, ta shigo gari, da wuya mako ya wuce wani bai yi sallama a ƙofar gidana a Birni da dutse ƙunshe a leda ba. An san na yi karatun duwatsu a Agadas, na kuma yi shekaru ina bin injiniyoyi daji da guduma da buhu. Wani daga Mirya, wani daga Gure, wani kuma direban babbar mota ne da ya ga yadda ake loda farin dutse a tirela a Nasarawa ta Najeriya ana ƙirga kuɗi. Tambayata ta farko ba ta sauyawa: "Alhaji, daga ina ka ɗauko shi?" Amsar da na fi samu ita ce, "Wallahi malam, wani yaro ne ya kawo mini." Shi ke nan, magana ta mutu. Dutsen da ba a san gurbinsa ba, ko zinariya ce tsantsa, kuɗin nauyinsa kawai za ka ci. Masu harkar ma'adinai wuri suke saye, kuma dutsen da ke hannunka shaida ne kawai a kan wurin. Duk abin da zan faɗa a nan hanya ce ta haɗa shaidar da za ta tsaya.

Fara da sanin ƙasar da kake takawa. Duwatsun nan da suka yi wa Damagaram rumfa, waɗanda suka sa rijiya ke wuya a cikin gari har sai an jawo mana ruwa daga nesa, su ne ƙashin bayan ƙasa da ya leƙo waje. Iri biyu ne. Akwai tsohon dutse mai shekaru sama da miliyan 500, akwai kuma ƙaraminsa da ya narke ya kutso cikinsa daga baya, kimanin shekaru miliyan 300 da suka wuce. Wannan na biyun jeri ne guda da ya taso daga tsaunukan Ayar, ya ratsa Damagaram da Muniyo, ya sauka har Jos, kuma yadda kake gangarawa kudu haka shekarunsa ke raguwa. A ƙarshensa na kudu Turawa suka haƙi kuza a Jos, a na arewa aka haƙe shi a Elmiki. Mu muna tsakiya. Wannan ya isa dalilin nema, amma kama da wane ba ta wane, kada ka je ka sayar da gonar gado a kan zumuncin duwatsu. Idan ka miƙe arewa wajen Tanut, ko ka hau Kutus, ka bar wannan dutse ka shiga dutsen yashi da laka da ruwa ya shimfiɗa. Mai neman litiyom a can ɓata takalminsa yake yi, domin litiyom na dutse a cikin jijiyoyin da suka fito daga narkakken dutse yake zama. Uraniyom na Arlit kuwa a dutsen yashi yake kwance. Kowane ma'adini da gidan da yake kwana, shi ya sa taswirar duwatsu ta riga guduma. Akwai ta a cibiyar binciken ƙasa da ma'adinai da ke Yamai, ofishin ma'adinai na jiha ma zai iya nuna maka hanya.

A ofishin nan ne kuma za ka yi tambaya ta biyu: wurin da kake so, akwai takardar wani a kansa? A dokar Nijar abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne, ko da gonar ta kakanka ce, kuma dokar ma'adinai ta 2022 ta bambanta izinin dubawa, da lasisin bincike, da lasisin haƙa, da izinin masu haƙar hannu. Ka karɓi wanda ya yi daidai da ƙarfinka. Bayan takarda sai mai gari. Ka je da goro, ka ce, "Ranka ya daɗe, duwatsu nake dubawa, ba gonar kowa na zo ci ba," ka roƙi ya haɗa ka da mutum ɗaya. Da ɗan gari akan ci gari. Ni nakan nemi tsohon mai ginar rijiya, domin shi ya san abin da ke gaba goma a ƙasa: inda ya tarar da marmara, inda ya ci karo da farar ƙanƙarar dutse, inda diga ta ƙi shiga. Tsofaffin maƙera ma sun san ramukan da kakanninsu suka ɗebi tama, makiyaya kuma sun san kowane fa da ya leƙo daga cikin rairayi.

Lokacin fita shi ne bayan an cire amfanin gona, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Koramu sun bushe, ruwan damina ya wanke duwatsu ya tara sabon yashi, kuma ba ka taka geron kowa. Kaya ba su da yawa: guduma mai kilo ɗaya da rabi ko biyu, kurfi, ƙaramin madubin ƙara girma, mayen ƙarfe, wuƙa, gutsuren farantin tangaran da ya fashe, rariya, ƙwarya, ledoji masu kauri, littafi da alƙalami, da waya mai nuna lambobin wuri ta tauraron ɗan'adam. Ka sa tabarau in za ka fasa dutse. Na san mai ido ɗaya saboda ƙin wannan.

Yanzu ga abin da ya fi komai, kuma shi mutane suka fi rainawa. Duk inda ka ɗauki samfuri, kafin ka ɗaga ƙafa, ka rubuta lambarsa, da lambobin wurin daga waya, da kwanan wata, da abin da idonka ya gani: launin dutsen, faɗin jijiyar taki nawa, tsawonta har ina ka bi ta, ta nufi gabas ko arewa, a tsaye take ko a kishingiɗe, wane irin dutse ne a gefenta. Ka ɗauki hoto da gudumarka a kwance a kai don a gane girma. Sannan ka rubuta ko a jikin uwar dutse ka ɓalle shi ko tsintarsa ka yi a ƙasa. Tsintacce ɗan gudun hijira ne, ruwa ya kawo shi, aikinka ka bi gangaren sama har ka iske gidansu. Lambar kuma ka rubuta ta sau biyu, ɗaya a bayan leda, ɗaya a takarda ka naɗe ka jefa ciki. Ni da kaina na koyi wannan da kuka. Ina sabon shiga aiki na rubuta lambobi a bayan ledoji kawai, muka yi kwana biyu a bayan mota, rana da gogayya suka cinye tawada. Cikin ledojin da suka rasa suna ɗaya ta dawo daga awo da tagulla mai kyau. Har muka tashi daga yankin ba mu gane tudun da ta fito ba, maigidana kuwa bai ƙara kirana da sunana ba sai "mai leda".

A ƙasa irin tamu da rairayi ya binne yawancin dutse, korama ce ɗan aikenka. Duk abin da ya ruɓe a kan tudu, ita take kwasowa. Ka sami inda ruwa ke rage gudu, cikin gwiwar korama ko bayan babban dutse, ka tone har ka wuce lallausan yashin sama ka iske tsakuwa, ka cika bokiti, ka tace da rariya, ka wanke a ƙwarya kamar yadda mata ke rege shinkafa. Farin yashi mara nauyi zai fita, baƙi mai nauyi ya kwanta a gindi. Ka shanya shi, ka naɗe mayen ƙarfe a leda ka wuce da shi a kai. Abin da ya manne tama ce, ka ware ta. Abin da ya rage shi za ka duba da madubi. Kuza yakan zo baƙi ko ruwan ƙasa mai ƙyalli, nauyinsa ya ninka na ruwa sau 7, in ka goga shi a bayan tangaran ba ya barin baƙin zane, sai fari-fari. Kolumbait, abokin tafiyarsa a Jos, zanensa baƙi ne ko ja mai duhu. Zinariya ita ce ta ƙarshen barin ƙwarya, don ta ninka ruwa sau 19. Idan korama ta nuna wani abu, sai ka hau sama, duk inda biyu suka haɗu ka wanke kowace dabam. Reshen da ya ci gaba da nunawa shi za ka bi, inda alamar ta yanke kuma, uwar tana tsakanin nan da wurin da ka wanke na baya.

Inda babu korama, akwai suri. Gara tana gangarawa ƙasa neman laima, tana hauro da ƙasar can ciki tana gini da ita, wato ta yi maka haƙa kyauta. Kamfanoni da dama a yammacin Afirka suna ɗibar ƙasar suri wajen neman zinariya. Ka ɗiba daga ɓangarori huɗu na surin ka gauraya, kuma ka buga shi da sanda tukuna, saboda maciji ma yana son gidan.

To, su ma'adinan batir fa, waɗanda suka tayar da ƙurar? Bari in daɗe a kan litiyom tunda shi ake tambayata. Gidansa wata jijiya ce da ake kira pegmatit. Gane ta ba wuya: kayan cikinta irin na dutsen garinmu ne, sai dai ƙwayoyin sun yi girma, maimakon kamar gero sai ka ga kamar dunƙulen hannu ko fiye, fari da ruwan toka, da wani mai ɓarewa falle-falle kamar bawon albasa yana walƙiya, shi ake kira mika. Sai dai yawancin irin waɗannan jijiyoyi fanko ne. Masu litiyom sukan yi nesa kaɗan da uwar dutsen da ta haife su, kuma sukan zo da rakiya: mika mai launin shuɗi-ja kamar bawon jar albasa, ko dogayen sanduna masu launin kore ko ruwan hoda, ko kuza da tantal, wani baƙin ma'adini mai nauyi ɗan'uwan kolumbait, a cikin yashin da ke gangarowa daga gare su. Mika mai launin nan ita ce lepidolit, tana da laushi, wuƙa na kankare ta ba wahala. Wanda manyan masu saye suka fi so shi ne sipodumen: dogo ne kamar allo, fari ko kore-kore, wuƙa ba ta kama shi, in ya fashe yana tsagewa kamar itacen da aka faskara. Matsalar ita ce yana kama da felspat, farin dutsen da ya cika ko'ina, kuma mafi yawan abin da ake kawo mini felspat ne.

Ga yadda nake raba su a zaure, da sikelin maƙeran zinariya da kofin ruwa. Ka sami gutsure mai tsabta wanda ba a haɗe yake da wani dutse ba, ka auna shi ka rubuta. Ka ɗora kofin ruwa a kan sikeli ka mayar da shi sifiri. Ka ɗaure gutsuren da zare ka nutsa shi cikin ruwan, kada ya taɓa gindi ko gefe, ka rubuta abin da sikeli ya nuna. Sai lissafin rabawa: lambar farko ka raba ta da ta biyu. In ya ba ka wajen 2.6, felspat ne ko ƙanƙara, ka ba yara su yi wasa. In ya kai 3.1 ko 3.2, to ka gyara zama. Wasu suna daka shi su sa garin a harshen wutar gas don su ga jan launi, amma ɗan gishiri kaɗan a jikin dutsen yakan rufe jan da rawaya, shi ya sa ba na dogara da wannan. Kuma ka kiyayi mai zuwa da na'urar nan mai kama da bindiga, wadda ake ɗora wa dutse ta karanto ƙarafan ciki. Tana da amfani ga tagulla, da kuza, da dalma, amma ba ta ganin litiyom, ya yi mata rashin nauyi. Duk wanda ya ɗora ta ya ce maka ga litiyom kashi kaza, ko bai san aikinsa ba ko ya san aljihunka.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Tagulla tana tona asirin kanta da kore ko shuɗi a fuskar dutse, kamar tsatsar tsohuwar butar tagulla. Manganiz baƙi ne mai ɓata hannu, in ka ɗiga masa ruwan wanke ciwo mai kumfa na kantin magani sai ya tafasa. Girafit, wato bakin fensir, yana da santsi kuma yana rubutu a takarda. Kobal da nikel ido ba ya yanke musu hukunci, sai awo, kuma ka sani mafi yawan kobal na duniya daga Kwango yake fitowa, a matsayin ɗan rakiyar tagulla. Mai launin zinariya da ke ruɗin mutane kuwa, ka buga shi da guduma: zinariya tana lanƙwashewa ta baje, shi kuwa ya ruguje ya bar baƙin zane a tangaran.

Idan jijiya ta ci waɗannan gwaje-gwaje, sai ɗaukar samfurin awo, kuma a nan son zuciya ke shiga. Kowa hannunsa na kaiwa ga gutsuren da ya fi kyau. Kada ka yi. Ka share fuskar jijiyar har sabon dutse ya fito, ka ja layi ya ratsa faɗinta daga wannan gefe zuwa wancan, ka sassaƙo daidai wa daida a kan layin, mai kyau da mara kyau, kowace mita ɗaya leda ɗaya mai kilo 2 zuwa 3. Ka maimaita a wurare da dama a tsawonta. Cikin kowace leda ashirin ka saka ɗaya ta dutsen da ka tabbata ba komai a cikinsa, ka kuma raba wani samfuri biyu ka ba shi lamba biyu, kada ka gaya wa masu awo. In fankon ya dawo da arziki, ko tagwayen suka dawo ba su yi kama ba, ka san awon ne ba shi da lafiya. Ka ajiye rabin kowane samfuri a gida. Kuma kada ka bar mai sayar maka da rami ya ɗebo maka samfuri da hannunsa. Barbaɗa garin zinariya a rami tsohuwar sana'a ce, ta girmi ramukan zinariya na Jado da Cibarkaten.

Sakamako ya dawo, sai lissafi, wanda shi ke sanyaya jiki. Litiyom ana faɗinsa da kashi cikin ɗari, kuma jijiyar da ta kai kashi 1 zuwa 1.5 ita ake ɗauka da daraja. Masu saye a waje sun saba da wanda aka tace ya kai wajen kashi 6. A ce jijiyarka tsawonta mita 100, faɗinta 2, kana zaton ta nutsa mita 30. Ka ninka su, mita dubu 6 ke nan na cikin ƙasa, ka ninka da 2.7, wato nauyin kowace mita a tan, ka sami tan dubu 16 da ɗoriya. Ka ji kamar abin kirki. To Gulamina ta ƙasar Mali, wadda aka buɗe a ƙarshen 2024, an ƙiyasta mata sama da tan miliyan 200. Ga shi kana buƙatar tan shida ko bakwai na ɗanyen dutse kafin ka sami tan ɗaya tatacce, ga teku ta fi mu nisan kilomita 1,000 ta kowace hanya. Farashin ma ba shi da amana: ya hau ƙololuwa a ƙarshen 2022, kafin shekara biyu ya zube da fiye da kashi 80 cikin ɗari. Wannan bai hana ƙaramar jijiya ciyar da ƙungiyar masu haƙar hannu ba, amma ka san wanne kake da shi kafin ka ci bashi. Kuza da tantal da zinariya sun fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi, saboda buhu ɗaya nasu ya fi tirelar farin dutse sauƙin kaiwa kasuwa.

Daga nan aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Kamfani zai ja layuka ya ɗebi ƙasa kowace mita 50, ya auna ƙarfin mayen ƙarfe na ƙasa daga jirgin sama ko a ƙafa, ya yanka dogayen ramuka, sannan ya kawo injin huda ya zaro dutse daga mita ɗari ko ɗari biyu. Kowane mataki ya fi na bayansa tsada nesa ba kusa ba, shi ya sa ba a tsallake ko ɗaya. Yana kuma cin shekaru. An ga uraniyom a Azelik a 1957, masu neman tagulla ma suka gan shi, amma sai 1971 aka fara fitar da shi a Arlit. Abin da zai sa irin wannan kamfani ya zauna da kai shi ne littafin nan naka mai lambobi da hotuna da takardar izini.

In kuwa ka ce da hannunka za ka tona, rami kada ya wuce ƙirjinka ba tare da ka faɗaɗa bakinsa ko ka tokare shi da itace ba, ƙasar da ka fitar ka zuba ta nesa da baki, kuma kada ka shiga ba kowa a sama. A Nuwamban 2021 rami ya rufta a wajen Ɗan Isa ta jihar Maraɗi, mutum 18 aƙalla suka rasu. Kada kuma ka kai dutse gida a daka a turmin abinci. Dutsen tozali, mai nauyi mai ƙyallin toka, dalma ce, kuma ƙurar irinsa ce ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, iyayensu na daka dutsen zinariya a tsakar gida. Zaibar da ake kama zinariya da ita ma haka, hayaƙinta ba ya fita daga jiki da sauƙi. Kayan da ka sa a rami ka tuɓe su a can, ka yi wanka kafin ka ɗauki ɗanka.

Makon jiya wani saurayi daga wajen Gure ya dawo karo na biyu. Karon farko na mayar da shi da ledarsa. Wannan karon ya zo da littafin ƴan lakwal, shafi shida cike, kowane dutse da lambarsa da hotonsa a waya. Ya ce, "Baba, ga su, goma sha ɗaya ne." Muka auna su a kofi ɗaya bayan ɗaya har la'asar. Tara felspat ne, ɗaya ƙanƙara. Na goma sha ɗayan baƙin yashi ne da ya wanke a ƙwaryar innarsa, mayen ƙarfe ya ɗauke rabi ya bar rabi. Na ce bayan an ci kasuwar Alhamis ya koma koramar da ya ɗebo shi, ya hau sama, ya wanke kowane reshe dabam.